Yasar magudanar ruwa a wata unguwa ta Sakkwato: nazarin aikin wata ƙungiyar taimakon kai da kai

Magudanar ruwan da wannan nazari ya shafa ba ta da wani girma. Ta taso ne daga bakin titin kwalta, ta ratsa tsakiyar unguwa ta gaban masallacin Juma'a da wata makarantar allo, ta shige ƙarƙashin wani kwalbati, sannan ta nufi gangaren da a da yake kai ruwa fadama. Mutum zai bi ta da ƙafa daga farko har ƙarshe cikin abin da bai kai rabin sa'a ba. A kanta ne wata ƙungiyar matasan unguwar ta shafe damina uku tana fama, kuma ni ne na riƙe littafin ƙungiyar a matsayin magatakarda tsawon wannan lokaci, don haka abin da zan kawo a nan na gan shi da idona ko na rubuta shi da hannuna. Na sakaya sunan unguwar da na ƙungiyar da na mutanen da abin ya shafa, domin akwai maganganun da ba a rufe ba har yanzu, kuma masu su maƙwabtan juna ne da za su ci gaba da haɗuwa a sahu ɗaya.

Unguwar da ruwanta

Wanda bai zauna Sakkwato ba zai yi mamakin jin ana kukan ambaliya a garin da ya yi suna wajen zafin rana. Ruwan da ke sauka a nan a shekara, a matsakaici, yana tsakanin milimita 600 da 700, bai kai rabin abin da Legas ke samu ba. Sai dai kusan dukkansa yana zuba ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawa a Agusta, kuma sau da yawa yakan zo da iska ya sauke nauyinsa cikin sa'a ɗaya ko biyu. A sauran watannin magudanan ruwa a bushe suke, in ban da ruwan wanka da na wanke-wanke da ke ɗan bin ƙasansu, har ido ya saba da ganinsu kamar ramin da ba shi da mai shi. Iskar hunturu ta cika su da rairayi da leda, mutane su ƙara da shara, rana ta gasa abin ya daskare, ta yadda ranar da ruwan farko zai sauka ba zai sami hanya ba sai ta lunguna da zauruka.

Ya kamata a bambanta wannan da ambaliyar kogi. A watan Satumba na 2010 kogin Rima ya cika ya batse, ya cinye garuruwa da gonaki tun daga yankin Goronyo har gefen birni, ya kuma yanke gadar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wannan bala'i ne da ya fi ƙarfin unguwa. Ruwan da ke shiga gidajenmu kuwa na indararonmu ne da na titinmu, wanda ya rasa mafita, irin wanda mutanen Mabera suka daɗe suna kuka da shi kowace damina.

Asalin matsalar yana cikin yadda garin ya bunƙasa. Tsohon birnin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a 1809 yana kan tudu, kuma ƙofofinsa, irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Atiku da Ƙofar Taramniya, su ne iyakarsa na dogon lokaci. Da garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sannan ta Jihar Sakkwato a 1976, sai jama'a suka yi ta kwararowa, aka riƙa yanka gonakin bayan gari ana sayarwa filoti-filoti. Unguwarmu tana cikin waɗanda aka yanka ta wannan hanya. Mai gona ya sayar, dillali ya auna da taku, kowa ya ja katangarsa har iyakar feginsa, ba a bar wa ruwa hanya ba, ba a kuma ware wurin zubar da shara ba. A 'yan shekarun nan kuma an sami ƙarin jama'a daga Isa da Sabon Birni da Rabah, waɗanda 'yan bindiga suka raba da garuruwansu, suka zo suka raɓe wurin dangi ko a kangaye, sai gidan da aka gina don iyali ɗaya ya koma ɗauke da biyu ko uku, shararsa da ruwan wankansa suka ninka.

Ƙungiyar ta samo asali ne daga majalisar hira ta bayan sallar Isha'i. Akwai malaman firamare a ciki, da 'yan kabu-kabu, da teloli, da magini ɗaya, da ma'aikacin asibiti, da wasu da suka gama hidimar ƙasa suna jiran aiki. Ayyukanta na farko su ne nome maƙabarta da cike kaburburan da suka rufta, da nemo masu ba da jini idan an kwantar da wani ɗan unguwa, da raka ma'aikatan da ke bi gida-gida da damina suna ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Annobar amai da gudawa ta 2021 ce ta juyo da hankalinmu ga magudanar. A wannan shekara an ƙiyasta cewa cutar ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Sakkwato na cikin jihohin da ta taɓa. Ma'aikacin asibitin da ke cikinmu ya kai mu ya nuna mana yadda bututun ruwan famfo na gidaje da dama ya bi ta cikin kwatar, wani an ɗaure fashewarsa da roba, ya bayyana mana cewa idan aka ɗauke ruwa ƙarfin da ke cikin bututu yakan faɗi, sai ya zuƙo dagwalon da ke kewaye da shi, ranar da aka dawo da ruwa kuma wannan dagwalon ne zai fara isa randa. Ya ƙara da cewa idan ruwa ya kwanta a lungu yakan haɗe bakin shadda da bakin rijiya. Shi ne kuma ya gyara mana wata fahimta da muke yawan faɗa, cewa kwata ita ce uwar zazzaɓi. Sauron da ke ƙyanƙyasa a ruwan kwata mai wari yawanci Kuleks ne, mai hana barci, shi kuwa Anofilis mai ɗauke da zazzaɓin ya fi son ruwan sama da ya kwanta a fili rana na dukansa, kuma kwana goma ko makamancin haka sun ishe shi ya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo. Ma'ana, abin lura shi ne kwana nawa ruwa ke yi a kwance bayan an ɗauke sama.

Gayyar farko

A bazarar 2022 muka kira gayya. Mai unguwa, wanda dukkanmu muke kira Baba, ya sa aka yi shela, liman ya ja hankali a huɗuba da hadisin da ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, aka aro shebur da diga da manjagara da baro daga magina da masu gidan bulo. An fara da an sallame sallar Asuba, domin a watan Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 kafin azahar. Jama'a sun fito fiye da yadda muka zata, matan gidaje suka aiko da kunu da fura, kafin rana ta take an yashe magudanar tun daga titi har bakin kwalbati, an tara abin da aka fitar tsibi-tsibi a gefen hanya.

Mun riga mun rubuta wa hukumar da abin ya shafa takarda muna neman tifa ta kwashe, an karɓa, an kuma yi mana alkawari. Motar ba ta zo a makon ba, ba ta zo a na bayansa ba. Tsibin ya bushe, awaki da kaji suka baje shi, babura suka tattake, maƙwabta suka ga wuri ya samu suka ƙara da sharar gida. Daren da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, mafi yawan abin da muka fitar ya koma inda ya fito, a Agusta kuma ruwa ya shiga gidajen da ya saba shiga, katangar wani gidan ƙasa ta zube, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

A zaman da ya biyo baya kusan kowa hukuma ya ɗora wa laifi, kuma tana da nata kason. Amma da na koma littafin na ga cewa a zama huɗu da muka yi kafin gayyar babu inda muka tattauna abin da za mu yi idan motar ba ta zo ba, babu kuma wanda ya tambayi dalilin da ya sa magudanar da aka taɓa yashewa a baya take sake cika. Mun gaji wani tunani ne ba tare da mun bincika shi ba. Tun zamanin shirin yaƙi da rashin ɗa'a da gwamnatin soja ta ƙaddamar a 1984, wanda ya kawo tsabtace muhalli na ƙarshen wata, mutanen ƙasar nan suka saba ɗaukar tsabtar gari a matsayin aikin rana ɗaya: a fito da safe, a share, a tara, a watse. Gayya ma a asalinta haka take, aiki ne mai farko da ƙarshe kamar noman gona ko yaɓen ɗaki. Shara kuwa kullum ake yin ta, safe da yamma, a kowane gida.

Hanyar shara daga tsakar gida

Shawarar da ta canza aikin ta fito ne daga wata dattijuwa, ungozomar unguwar, wadda kowa ke kira Inna. Ta aiko jikanta ya gaya mana cewa ta ga muna wahala da ƙarshen igiya mun bar farkonta, ta ce mu je mu tsaya mu ga wanda ke zuba sharar da lokacin da yake zubawa. Muka raba kanmu, mako guda wasu na zama a bakin magudanar da sanyin safiya, wasu da magariba, ba don kama kowa ba, don gani kawai.

Abin da muka gani ya ba mu kunya, domin a gabanmu yake tun fil azal. Kusan duk sharar da ke shiga magudanar yara ne ke kawo ta, 'ya'yan gida da almajirai. Magidanci yakan fita tun da safe, bai san inda sharar gidansa ke zuwa ba. Uwar gida ta share tsakar gida ta cika bokiti ko tsohon buhu, ta miƙa wa almajirin da ke mata aike, ta ba shi ɗan canji ko ɗumame, ita ma ba ta fita ta ga inda ya kai ba. Shi kuma yaron, wanda wani lokaci bai wuce shekara takwas ba, an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfin wuyansa, ga jujin da ya fi kusa yana hayin titin kwalta, tafiya mai nisa da tsallaka hanyar motoci. Tsohon jujin unguwar, wanda manyanmu suka sani, an sayar da filinsa an gina shaguna. Duk wanda aka ba wannan kaya a wannan shekaru, kwatar da ke ƙofar gida zai nufa. A duk tarukan da muka yi kafin gayya, ba mu gayyaci mace ɗaya ba, ba mu kuma je gaida alaramman makarantar allon da magudanar ta bi ta gabanta ba, alhali waɗannan su ne masu riƙe da hanyar sharar daga farkonta.

Dattawa sun ƙara mana da wani bayani da ya kamata a rubuta. A da juji dukiya ne a Sakkwato. Sharar gida toka ce da kashin awaki da tumaki da ɓawon gyaɗa da dusa da karmami, kuma kafin damina manoman karkara da na fadamar Rima, masu albasa da shinkafa da tattasai, sukan zo da jakuna da mangaloli su kwashe ta zuwa gona a matsayin taki, wani ma har ya biya. Wato garin yana da masu kwashe masa shara ba tare da ya ɗauke su aiki ba. Leda ce ta kashe wannan ciniki. Da baƙar ledar cefane da ledar ruwan sha suka cika juji, manomi ya ga cewa in ya zuba a gona sai ya shekara yana tsince su, ga shi suna hana shuka kafa saiwa, ga dabba in ta haɗiye su sai su cunkushe mata tumbi ta rame ta mutu, abin da duk mai kiwon jar akuyar Sakkwato a cikin gari ya sani. Sai manoma suka ja baya, juji ya tashi daga abin nema ya koma abin gudu.

Daga wannan fahimta aka gina tsarin shekara ta biyu. Mun fara da zuwa wurin alaramma, Baba Mai Unguwa ne ya shige mana gaba, muka zauna a kan buzu muka faɗi abin da muka gani ba tare da ɗora wa yaransa laifi ba. Malam ya saurara, ya ce shi ma dagwalon a ƙofar makarantarsa yake kwanciya, yaransa ne kuma ke fara kwanciya ciwo, amma ya ja mana kunne cewa ɗan abin da yaran ke samu a zubar da shara da shi suke sayen sabulu da omo, kada gyaranmu ya zama toshe musu baki. Wannan magana ta hana mu yin kuskure na biyu, domin da farko niyyarmu ita ce mu ɗauko matasa daga waje su riƙa bi gida-gida. Abin da aka tsayar a ƙarshe shi ne a ajiye rabin duro-duro a wurare uku cikin unguwa, ta yadda babu gidan da zai yi nisa da ɗaya, ƙananan almajirai su ci gaba da aikensu da ladansu amma iyakarsu bakin duro, sannan gardawa biyu daga makarantar, waɗanda Malam ya zaɓa da kansa, su riƙa tura kura suna kwashewa zuwa babban juji, ana biyansu duk mako.

Ɓangaren mata ya tafi ta hannun Inna da malamar Islamiyyar matan aure. Su ne suka shiga gida-gida, inda mu ba mu da ikon shiga, suka roƙi a riƙa raba shara biyu: toka da kashin dabbobi da ɓawo da ragowar abinci a bokiti, leda da roba a buhun da aka rataye a bango. Su ne kuma suka karɓi tara kuɗin mako daga gidaje, bisa tsarin da suka saba da shi na adashe, kuma a gaskiya abin da suka tara ya fi wanda muka taɓa tarawa daga magidanta daidaito. An yafe wa gidajen marayu da na 'yan gudun hijira. Ba kowane gida ne ya karɓi rabon sharar ba, wasu sun yi mako biyu sun gaji, amma waɗanda suka riƙe sun isa a tara takin da babu leda a ciki, har wani manomin fadama ya dawo yana aiko da babur mai ƙafa uku yana ɗauka. Kuɗin da yake bayarwa kaɗan ne, amfaninsa shi ne ya rage nauyin da kura ke turawa, domin toka da ƙasa su ne mafi nauyin sharar gida.

Leda ce har yanzu ba mu sami mafitarta ba. 'Yan jari-bola suna sayen ƙarfe da gwangwani da roba mai kauri, ledar cefane kuwa ba mai so. Wasu 'yan ƙungiya sun kawo shawarar ƙonawa, an gwada sau biyu, hayaƙin ya shiga gidaje, wata mai ciwon asma ta kwana a asibiti, aka hana. Yanzu ana ɗaure ta a buhu a kai babban juji, inda iska ke sake kwaso wani kaso ta dawo da shi gari.

Gayyar bazarar 2023 ta bambanta da ta farko ta fuska ɗaya: ba a sa shebur a kwata ba sai da tifar da muka yi haya da kuɗinmu ta tsaya a bakin titi, ana fitarwa ana lodawa.

Kuɗi da siyasa

Tsakanin gayyar farko da ta biyu aka shiga kakar zaɓe, wanda aka yi a ranar 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris na 2023. Ƙungiyar da ke iya fito da matasa da yawa da safiya ɗaya ba za ta ɓoyu ga 'yan siyasa ba. Mutanen wani ɗan takara suka zo da tayin baro da shebur da takalman roba da kuɗi, da sharaɗin a sa riguna masu hotonsa ranar aiki. An yi zama biyu ana muhawara, kuma hujjar masu son a karɓa ba ta banza ba ce: kayan muna bukatarsu, kuɗin kuma a cewarsu na jama'a ne ya dawo hannun jama'a. Masu ƙi suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a unguwar akwai magoya bayan kowace jam'iyya, ranar da aka ga hoton mutum ɗaya a bakin kwata rabin gidaje za su daina biyan kuɗin mako. Aka tsaya a kan cewa za a karɓi kayan aiki daga hannun kowa in babu hoto babu alama, a kuma rubuta a littafi a karanta a bainar jama'a. Mutanen ɗan takarar ba su dawo ba. Wasu 'yan ƙungiya sun yi fushi sun janye, cikinsu har da masu ƙwazo, kuma na ji zafin rashinsu, amma ina ganin matsayar ita ce daidai, domin bayan zaɓe babu gidan da ya ƙi buɗe wa Inna ƙofa saboda jam'iyya.

Abin da ya fi girgiza asusun shi ne cire tallafin man fetur da aka sanar a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin hayar mota ya tashi, abinci ya yi tsada, gidaje da dama suka kasa biya, har aka yi makonni ana bin mu bashin ladan gardawa. Abin da ya riƙe amana a lokacin shi ne al'adar da muka ɗauka ta karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar a Juma'ar ƙarshen wata, ma'aji na tsaye, kowa na da ikon tambaya. Wasu 'yan kasuwar unguwar da suka ji lissafin da kunnensu ne suka biya bashin. Maganar yi wa ƙungiyar rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙasa, a ƙarƙashin dokar 2020, wadda ke bukatar amintattu da tsarin mulki a rubuce da sanarwa a jarida, an ɗage ta saboda kuɗi, don haka har yanzu ba mu da asusun banki da sunan ƙungiya.

Kwalbati da katanga

Da magudanar ta zauna a buɗe, sai aibin da shara ta daɗe tana rufewa ya fito fili. A daminar 2023 da ta 2024 ruwa ya daina kwanciya a saman unguwa, lungunan da a da sukan yi fiye da mako a jiƙe suka riƙa bushewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma ruwan da ya sami hanya yanzu da gudu yake isa kwalbati, kwalbatin kuma ƙarami ne, an yi shi tun unguwar ba ta kai rabin haka ba. Bayansa kuma, inda ruwa ya kamata ya gangara fadama, akwai katangar wani gida da aka gina a kan tsohuwar hanyar ruwan. Sakamakon haka gidajen gangare, waɗanda yawancinsu na masu ƙaramin ƙarfi ne, ruwa ya fi isa gare su da sauri fiye da da. Ɗaya daga cikin magidantan wurin ya faɗa mana a zaman ƙungiya cewa mun kwashe ruwan ƙofar gidajenmu mun kai masa, kuma babu wanda ya iya musa masa.

Mai katangar ba azzalumi ba ne. Ya sayi filin da kuɗinsa daga hannun dillali da rani, lokacin da babu alamar ruwa, yana da takardar ciniki da shaidu. Wasu matasa sun so a je da dare a fasa katangar, Baba Mai Unguwa ya tsawata, mu ma muka rubuta a littafi cewa duk wanda ya taɓa ginin wani ya fita daga ƙungiya. Rushe gini ko faɗaɗa kwalbati a ƙarƙashin hanya aikin hukuma ne, kuma a nan muka ga wahalar sanin wace hukumar. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina magudanan ruwa da kula da su da kwashe shara. Amma birnin Sakkwato ya rabu tsakanin Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, ya kuma malala cikin Wamakko da Dange-Shuni da Kware, ga kuma hukumomin jiha masu kula da tsara birni da muhalli da ayyuka. Takardarmu ta zaga ofis uku, kowanne ya karɓe mu da mutunci, kowanne ya nuna mana na gaba. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ya sa wasunmu fatan cewa irin wannan ƙaramin aiki zai sami mai shi, sai dai har zuwa rubuta wannan nazari ba mu ga canji a bakin kwalbatinmu ba.

Hanyar da ta ɗan motsa ita ce ta sarauta. Mai unguwa ya kai maganar ga hakimi, hakimi ya kai ta ga uban ƙasa, aka kira mai katangar da wakilan gidajen gangare da namu aka zauna. Bayan zama na biyu ya yarda a tona hanyar ruwa ta jikin katangarsa daga waje, ya kuma janye kusurwa ɗaya kaɗan, da sharaɗin a zuba kankare a ɗaure gindin ginin don kada ruwa ya ci shi, kuma ba daga aljihunsa ba. Sharaɗin adalci ne. Maginin da ke cikinmu ya auna ya fitar da lissafin siminti da rodi da tsakuwa da ladan ma'aikata, abin ya ninka duk abin da ƙungiyar ta taɓa tarawa a shekara, duk da cewa a Kalambaina, nan bayan gari, ake yin simintin. Ma'aikata daga ɗaya daga cikin ofisoshin sun zo sun auna kwalbatin sun tafi da takardar yarjejeniyar. A zamanmu na ƙarshe an raba aiki uku: mutum biyu za su riƙa bin takardar duk mako, Inna da malamar Islamiyya za su tambayi mata ko za a iya ƙara wani abu a kan kuɗin mako na tsawon rani, sauran kuma za su cika buhunan yashi a jera a ƙofofin gidajen gangare kafin ƙarshen Mayu, kamar yadda aka yi bara.